Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Idan Larura Ta Same Ka a Ƙasar Waje

(Kiɗan buɗe shiri)

  Ina gaida direbobin da ke lodi a tashar Kawo ta Kaduna suna jin mu ta rediyon mota, da 'yan kasuwar Talata, da mutanen Hayin Banki, Unguwar Dosa, Rafin Guza, Badarawa, har zuwa Mando.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin gadar Kawo da sassafe ya san unguwar nan ƙofar fita ce. Ka miƙi hanyar Zariya, sai Kano, sai Katsina, sai Jibiya, kafin la'asar kana Maraɗi. Ka karya ta hanyar Mando, ga sansanin alhazai, ga filin jirgin sama. Kullum rakiya muke yi. Yau ɗalibi ne zai tafi Masar, gobe Hajiya za ta Umara, jibi Alhaji zai Dubai ko Gwanzu saro kaya, gata kuma za a kai dattijo asibiti Indiya. Mun iya haɗa guzuri, wannan kam ba a fi mu ba: dambun nama, kilishi, yaji, garin kunu, kuka da daddawa. Mu yi addu'a, mu ce Allah ya kiyaye hanya, mu juyo gida.

To, amma ga tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa a daren nan. Wannan mutum da ka raka, in ya yanke jiki ya faɗi a titin Jidda, bakinsa ya rufe, wayarsa a kulle, ta yaya waɗanda suka taru a kansa za su san ɗan wane ne, daga ina yake, wa za a kira? In yaƙi ya ɓarke a garin da yake, sunansa yana rubuce a hannun wa?

Bari mu fara da abin da ya faru a idonmu.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, mutanen Khartum suka wayi gari da rugugin bindigogi. Sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan sun kaure da dakarun RSF na Janar Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti. Filin jirgin saman birnin na daga cikin wuraren da aka fara gwabzawa, saboda haka tun ranar farko babu batun tashi ta sama. Wuta ta ɗauke, ruwan famfo ya tsaya, bankuna suka rufe, layin waya ya zo ya tafi. A lokacin akwai dubban 'yan Najeriya a ƙasar, mafi yawansu ɗalibai, kuma da dama 'ya'yanmu ne na Arewa, a Jami'ar Afirka da sauran makarantu. Haka suka yi Sallah a ɗaki.

Sai ranar 26 ga wata motocin safa na farko da gwamnatin Najeriya ta ɗauko suka fara barin Khartum zuwa iyakar Masar, tafiyar kusan kilomita 1,000 a cikin hamada. Kun ji labarin yadda wasu direbobi suka tsaya a tsakiyar daji kan batun kuɗinsu. Kun ji yadda waɗanda suka isa iyakar Arkin suka kwana da kwanaki a fili, ga rana ga ƙishirwa, ana jiran Masar ta ba da izinin shiga. Rukunin farko, mutum 376, bai sauka Abuja ba sai daren 3 ga Mayu, daga Aswan, a jirgin Air Peace da na sojojin saman Najeriya. Sauran aka riƙa kwaso su, wasu ta Aswan, wasu ta Fot Sudan da ke bakin Bahar Maliya, har aka dawo da sama da mutum 2,000.

Akwai wata baiwar Allah maƙwabciyarmu da ɗanta ke karatu a can. Kullum bayan isha'i sai ta aiko jikarta da waya a duba mata ko saƙo ya shigo. Kwana biyu cur ba a ji ɗuriyarsa ba. Abin da ya riƙe zuciyar matar nan, bayan addu'a, abu ɗaya ne: kafin layi ya ɗauke yaron ya shaida mata cewa sunansa yana cikin jerin da ƙungiyar ɗalibai ta miƙa wa ofishin jakadanci, fasfonsa yana jikinsa, kuma ya ba ta lambar shugabansu. Da ta rasa shi, wancan ta kira, ya ce mata, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, yana motar da ke gabanmu." Allah ya dawo da shi lafiya.

Ku lura da kyau. Da ranar kwasa ta zo, da jerin suna aka yi aiki. Wanda ya yi rajista da ƙungiyar ɗalibai ko ta 'yan jiharsa, aka san inda yake, aka kira shi. Wanda ya shiga ƙasar ya yi zamansa, bai gabatar da kansa ga kowa ba, shi ne ya sha wahalar tabbatar da ko shi wane ne a ranar da kowa ke ta kansa. Haka aka gani shekara guda kafin nan, da Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu, 2022, ɗalibanmu suka bazama iyakokin Folan, Romaniya da Hangare cikin tsananin sanyi. Wanda ba a san da shi ba, ba a cigiyarsa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurin Bahaushe, mu ne muka sake shi. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja saro goro, tafiyar watanni a ƙasa, ba wanda ke fita shi kaɗai. Akwai ayari, akwai madugu uban tafiya da ya san yawan mutanensa da dabbobinsu, akwai jagaba a gaba. In an sauka zango akwai mai masauki da ya san harshen garin, shi ke tsaya wa baƙo a ciniki, shi ke tsaya masa gaban sarki in rigima ta taso, in ya kwanta ciwo a gidansa zai yi jinya, in ta Allah ta kasance shi zai adana dukiyarsa har magada su zo. Su suka ce baƙo ko da ido makaho ne. Yau jirgi ya rage mana wata uku zuwa awa biyar, sai muka ɗauka ya ɗauke mana buƙatar mai masauki. Bai ɗauke ba.

Saboda haka ɗan uwa, in ka sauka ƙasar da za ka daɗe, karatu ne ko aiki ko jinya, a makon farko ka nemi ofishin jakadancin Najeriya ka sanar da zuwanka, ka kuma nemi ƙungiyar 'yan ƙasarku. A Saudiyya babban ofishin yana Riyad, ƙaramin yana Jidda, shi ne ya fi kusa da mai Umara. A Daular Larabawa akwai Abu Dabi da Dubai. A Sin, ban da Beijin, akwai ƙaramin ofishi a Gwanzu inda 'yan kasuwarmu suka fi yawa. A Masar yana Alƙahira, a Indiya yana Nyu Delhi. Ka san adireshin tun kana lafiya, ka rubuta a takarda.

Na ce a takarda, kuma ina nufin takarda. Yanzu mun zuba rayuwarmu kaf a cikin waya. Tambayi matashi lambar mahaifiyarsa, sai ya laluba aljihu. To waya tana faɗuwa, ana sace ta, caji yana ƙarewa, kuma in ka suma ba mai iya buɗe ta. Ka samu ɗan kati kamar girman katin shaida, ka rubuta sunanka yadda yake a fasfo, ƙasarka, sunan masaukinka, lambar mutum ɗaya a garin da kake da ta mutum ɗaya a gida, da cutar da kake fama da ita in akwai, da maganin da jikinka ba ya karɓa. A rubuta da Turanci, in ƙasar Larabawa ce a sa wani ya ƙara da Larabci. A lulluɓe shi da leda, ya zauna a jikinka, ba a jaka ba.

Iyayenmu maniyyata, wannan magana ta fi shafarku. Ranar Alhamis 24 ga Satumba, 2015, ranar Babbar Sallah, aka yi turmutsitsi a Mina a hanyar zuwa jifa. Najeriya ta rasa alhazai sama da 270. Cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jaridar da mutanen Kaduna suka sani tun tana editar jaridar New Nigerian, da Farfesa Tijjani El-Miskin, da Mai Shari'a Abdulƙadir Jega. Allah ya jiƙansu da rahama. Abin da ya ƙara wa iyalai raɗaɗi shi ne makonnin da aka kwashe ana cigiya, jami'an hukumar alhazai suna bin asibitoci da wuraren ajiye gawa, ana gwada hotuna. Namiji cikin harami ba shi da aljihu. In babu awarwaron shaida a hannunsa, babu kati a wuyansa, babu abin da zai bambanta shi da dubban mutane masu sanye da irin farin mayafinsa. Don haka Baba, Hajiya, awarwaron nan da katin Nusuk da ake ba ku, kada a cire a ajiye a ɗaki wai suna damun ku. Ko wanka za a shiga, awarwaro ya zauna a hannu.

In kuwa ka tsinci kanka a cunkoso, kada ka yi gaba da jama'a, kada ka juya kana turo su. Ka ɗaga hannuwanka gaban ƙirji don numfashi ya samu wuri, ka bi yadda taron ke tafiya kana zamewa gefe a hankali. Takalmi ko jaka in sun faɗi, sun faɗi ke nan, kada ka sunkuya. Kuma lokacin jifa da aka tsara wa tantinku, a bi shi.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan batun larura a ƙasar waje, yanzu kuma sai rashin lafiya.

A aikin Hajjin 2024 zafi a Makka ya haura digiri 51. Hukumomin Saudiyya da kansu suka sanar da mutuwar mutum 1,301, suka kuma ce kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Hajji. Ku tsaya a kan wannan adadi. Mai izini yana da tanti mai na'urar sanyaya wuri, yana da mota, yana da likitan ayari. Wanda ya bi ta ɓarauniyar hanya, ya shiga da bizar ziyara ya laɓe, shi ne ya taka a ƙasa cikin rana, ba inuwa, kuma ko jiri ya kama shi yana tsoron tunkarar jami'i kada a kama shi. Duk wani ejan da zai ce maka yana da hanya mai sauƙi, ka tambaye shi: in na faɗi a Arfa, a jerin wa sunana yake? In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Mu mutanen Arewa mukan ce mun saba da rana. Zafin bazarar Kaduna daban, zafin Makka a tsakiyar damina tamu daban. Alamar bugun zafi ita ce mutum ya fara ruɗewa, yana maganar da ba kai, jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ya yi ta layi ko ya faɗi. Kada a taru a kansa ana salati kawai. A ja shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a zuba masa ruwa mai sanyi a jiki, musamman wuya da hammata, a yi masa fifita, wani kuma ya kira agaji nan take. In bai cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, zai iya shaƙe shi. A kwantar da shi ta gefe. Wanda kuwa gudawa ko amai ya ƙwaƙule, in babu ƙullin ORS a kusa, a samu ruwa mai tsabta lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kafin a kai ga likita.

Ga lambobin kira, mai biro ya ɗauka. A Saudiyya motar asibiti 997 ce, a yankin Makka kuma 911 tana haɗa ka da kowane irin agaji. Na maimaita, 997 da 911. A Dubai 'yan sanda 999, motar asibiti 998. A Masar motar asibiti 123. A Sin 'yan sanda 110, motar asibiti 120. A ƙasashen Tarayyar Turai da Indiya 112. A Ingila 999, a Amurka 911. Ba sai ka haddace duka ba, ta ƙasar da za ka kaɗai za ka rubuta a bayan katin nan naka.

Masu hawan jini, masu ciwon suga, masu asma, masu sikila: maganinku ya zauna a jakar hannu, kada a sa shi a babban akwati da zai iya ɓata ko ya yi kwana uku bai iso ba. A tafi da wanda zai wuce kwanakin tafiyar, domin jirgi na iya jinkiri. A bar shi cikin kwalinsa na asali, a karɓi takardar likita mai ɗauke da ainihin sunan maganin, don sunan da kamfani ya sa masa a nan ba lalle a san shi a can ba. Ga wani abu da mutane ba su cika kula da shi ba. Kana iya barin gida da zazzabin cizon sauro a jininka bai bayyana ba, sai ka yi mako a Turai ko Sin ya kwantar da kai. Likitan can ba shi zai fara kawowa a ransa ba. Da bakinka za ka ce masa daga Najeriya ka zo, a gwada maleriya.

Asibitin waje kuma ba a shigarsa da Allah-ya-ba-ku-mu-samu. Shi ya sa ƙasashen Turai na yankin Shengen ba sa ba da biza sai ka nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Da yawa daga cikinmu kan biya ne don a samu biza, ba su taɓa buɗe takardar ba. A jikinta akwai lambar da ake kira dare da rana, ka san inda take. Bizar Umara ma tana tafe da inshorar lafiya a cikin kuɗinta. Hakkinka ne, ka tambayi kamfanin da ya yi maka biza ya nuna maka. Katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, da allurar sanƙarau ta maniyyata, a je a yi su da gaske. Sayen kati ba tare da allura ba, kanka ka cuta.

Sai ɓatan fasfo. Tun kafin ka tashi ka ɗauki hoton shafin da ke da bayananka da na biza, ka buga kwafi biyu, ɗaya a akwati, ɗaya a bar shi gida, ka kuma tura wa wani amintacce ta WhatsApp. Ka riƙe ƙananan hotuna ko huɗu da lambarka ta NIN. In fasfo ya ɓata, ka fara zuwa wurin 'yan sandan ƙasar su ba ka takardar rahoto, sannan ka nufi ofishin jakadanci. Za su tantance cewa kai ɗan Najeriya ne, su ba ka takardar gaggawa da za ta dawo da kai gida, tafiya ɗaya tak, ba ta yawon wata ƙasa ba. Mai kwafi a hannu aikinsa ya fi sauri nesa ba kusa ba. Kuɗi ma kada a tara su wuri ɗaya. A raba, wasu a jiki, wasu a masauki, kuma kada a dogara da katin banki kaɗai, a Khartum masu kuɗi a asusu sun kwana da yunwa.

'Yan uwana mata da ake ɗauka aikatau ƙasashen Larabawa, ku saurara. Duk wanda zai karɓe fasfonki ya kulle a durowarsa, ya karɓe ƙafafunki ne. Kafin ki tafi ki san sunan garin, sunan mai gidan, lambar ofishin jakadanci, ki bar su a hannun iyayenki. In ejan ya ƙi faɗa, akwai lauje cikin naɗi, kuma hukumar NAPTIP don irin wannan aka kafa ta.

Yanzu ga wadda ta fi tayar mini da hankali, wato kamu.

A watan Disamba 2018 aka kama wata ɗaliba daga Kano a Madina, ta je Umara tare da mahaifiyarta da 'yar uwarta. An samu jaka ɗauke da ƙwayar tiramadol da sunanta a liƙe. Yarinyar ba ta taɓa ganin jakar ba. Binciken hukumar NDLEA ya gano wasu ma'aikata a filin jirgin Malam Aminu Kano da ke liƙa sunan fasinja a kayan da ba nasa ba. Ta shafe wata huɗu a tsare, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kan kai ga kisa, sai ƙarshen Afrilu 2019 aka sake ta, bayan mahaifinta ya tsaya tsayin daka, gwamnatin tarayya ta sa baki. Da a ce ba ta da mai tsaya mata fa?

Don haka a wurin awon kaya ka tsaya da idonka. Jaka nawa ka ba da, 'yan takardun shaida nawa aka liƙa maka a tikiti? In jakarka biyu ce, ka ga uku, kada ka matsa daga wurin. Ka ɗauki hoton kayanka a kan sikeli. Kuma kada kunya ta sa ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba. Na san halinmu, dattijuwa za ta tare ka a filin jirgi ta ce, "Ɗana, don Allah ka miƙa wa jikana wannan a Jidda," ka ji nauyin cewa a'a. Ka ce, "Mama, ki yi haƙuri, doka ta hana." Wannan ba rashin ladabi ba ne. Ita ma wataƙila ba ta san abin da aka ƙunsa mata ba. Goro ma da muke ganin ba komai ba ne, hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, kullum tana gargaɗin kada a kai shi Saudiyya. Maganin tari mai kodin da tiramadol kuwa, ko likita ya rubuta maka, ka bincika dokar ƙasar kafin ka sa su a jaka.

In har an kama ka, kada ka yi gardama da jami'i, kada ka gudu, kada ka miƙa cin hanci. Ka nemi tafinta. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba. Sannan ka faɗa, ka kuma maimaita, cewa kana so a sanar da ofishin jakadancin ƙasarka. Wannan hakki ne da Yarjejeniyar Viyana ta 1963 ta ba duk baƙon da aka tsare. Amma in gaya muku gaskiya, jakada ba zai fasa gidan yari ya fito da kai ba, ba zai soke dokar ƙasar mutane ba. Abin da zai iya shi ne ya ziyarce ka, ya sanar da iyalinka, ya taimaka a samu lauya, ya sa ido kada a zalunce ka.

Wani direba a tashar Kawo zai ce, Malam, duk wannan na masu hawa jirgi ne, mu iyakarmu Maraɗi da Damagaram. To ai Maraɗi ma ƙasar waje ce, ko da kakarka 'yar can ce. Mun gani bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, yadda aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi jerin gwano a Jibiya, Illela da Maigatari, kayan gwari suka ruɓe, mutane suka maƙale ta kowane ɓangare, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Kuma tun Janairu 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Kafin ka ɗau hanya ka tambayi waɗanda suka dawo jiya abin da ake nema a shinge yau. Ka riƙe takardar shaidarka da ta mota. In Kumasi za ka ko Kwatano ko Garwa, ka san sunan Sarkin Zango ko Sarkin Hausawan garin. Har gobe su ne masu masaukinmu.

Ku kuma na gida, akwai naku aikin. A zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa ya zama shi matafiyi zai riƙa kira, shi ke riƙe da kwafin takardu. A yi alkawarin lokacin gaisawa, ta yadda in an ji shiru za a san shirun ya wuce ƙa'ida. In wani baƙon murya ya bugo ya ce ɗanku yana asibiti ko yana hannun hukuma, a turo kuɗi yanzu-yanzu, kada a ruɗe. 'Yan damfara da firgici suke cin abinci. A nemi jin muryar yaron, a tambaye shi abin da ɗan gida kaɗai ya sani, a kira abokin tafiyarsa. In abin ya tabbata, a kai kuka hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje, NiDCOM, ko Ma'aikatar Harkokin Waje, in alhaji ne kuma hukumar jin daɗin alhazai ta jiha.

Akwai maganar da ba ma son yi, amma dole a yi ta. Rai na Allah ne, yana iya karɓar abinsa a Kawo, yana iya karɓa a Gwanzu. Alhaji ɗan kasuwa, kafin ka tafi ka rubuta: wa ke bin ka, wa kake bi, kuɗin wa ka karɓa za ka saro masa kaya, kwantenarka tana hannun wa. Ka bar wa iyalinka. Mun ga gidajen da aka yi rashi biyu, aka rasa mai gida, aka rasa dukiyarsa, marayu suna kallo, saboda komai yana cikin kansa da wayarsa. Ka kuma gaya musu ra'ayinka, in ta faru a yi maka sutura a can ko a kawo ka, don ɗauko gawa daga wata ƙasa abu ne mai tsada da tarin takardu. Duk inda aka binne mutum, iyali su tabbata sun karɓi takardar shaidar rasuwa, za a neme ta wajen banki da rabon gado.

Ina kuma da kira ga hukumomi, kuma da zuciya ɗaya nake yin sa. Kwana 11 tsakanin tashin yaƙin Khartum da tashin motar farko ya yi yawa, kwanakin da yaranmu suka yi a Arkin ma sun yi yawa. Kowane ofishin jakadanci ya kamata ya mallaki lambar gaggawa da ake ɗauka dare da rana, da rajistar 'yan ƙasa da ake sabuntawa. Jihohin da ke tura ɗalibai waje su san sunan kowane ɗaya da inda yake kwana. Malamanmu masu bita a sansanin Mando da ƙananan hukumomi, a haɗa wannan darasi da na ɗawafi da sa'ayi, a koya wa maniyyaci lambar da zai kira da abin da zai yi in ɗan ɗakinsu ya faɗi.

Lokaci ya ƙure mana. Mai sauraro, in akwai naka a waje yanzu haka, ɗa ne ko miji ko ƙanwa, kada ka kwanta yau sai ka kira shi. Ka ce ya turo maka hoton fasfonsa, da adireshin inda yake kwana, da lambar mutum ɗaya da ke kusa da shi. Ka samu biro ka kwafe su a littafi, ka nuna wa uwargida inda ka ajiye.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)